DARASIN YAU: Itacen Safsaf da Masu Aikin Shinkafa



'Yan'uwa, wani bawan Allah daga Bunkure ya aiko da tambaya kan garin safsaf da ya ga ana talla, wai maganin ciwon jiki ne da zazzaɓi.

Safsaf itace ne na bakin ruwa, kuma danginsa suna da yawa. Wasu gajeru ne kamar geza, suna fitowa a fadamun ƙasashen sanyi irin su Kanada da Rasha, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. Likitocin Musulmi na da sun san danginsa, suna ce masa safsaf ko khilaf. Ɓawonsa ɗaci gare shi, kuma a cikin ɗacin nan maganin yake. A 1828 aka fitar da sinadarinsa, salisin, a Jamus. A 1897 kamfanin Bayer ya haɗa asfirin, wanda ɗan'uwan salisin ne. To kun ga, mai shan safsaf kusan asfirin yake sha.

Nan ne nake so mu natsu. Mu da ke noma da ruwan Tiga, daga Kura zuwa Kadawa, mutum zai yini tsaye cikin ruwa yana dashe, dare ya yi ƙugu ya riƙe, sai ya aiki yaro kemis. Amma ruwan nan akwai tsargiya, yara da yawa suna fitsarin jini. Asfirin kuwa tsinka jini yake yi, safsaf ma ba a raba shi da wannan hali ba. Mai tsargiya da mai gyambon ciki su nisance su. Mai juna biyu sai da izinin likita. Kuma kar a haɗa biyun, ninka magani ne.

Yaron da bai kai shekara 16 ba, in yana zazzaɓi, kada a ba shi ko ɗaya. Akwai wata cuta da asfirin ke jawo wa yara, tana taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Ba ta cika faruwa ba, amma tana kisa.

Ni a sanina, safsaf zafi kawai yake saukewa, ba ya kashe ƙwayar maleriya. Sunna ta koya mana sanyaya zazzaɓi da ruwa. A shafa wa yaro ruwa mai ɗan ɗumi, a kai shi asibiti a gwada jininsa a ranar, kar a jira gobe.

Allah Ya ba mu lafiya.