Kuɗin Dashe da Haƙƙin Raino

A cikin shekarun da na yi ina aikin malamin gona, ina fita daga birnin Sakkwato zuwa ƙauyukan Illela da Gada da Tangaza, inda rairayi ke cin gonaki sannu a hankali kamar yadda gara ke cin zana, babu tambayar da dattawa suka fi yi mini bayan gaisuwa irin wannan: "Malam, yaushe kuɗin gwamnati za su iso?" To, ya wajaba in yi bayani gwargwadon sanina, domin jahiltar sharaɗin abu ita ce farkon tozarta shi.

Shirin da ake kira ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamba na shekarar 2021, da dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, rance ne a wuyan Nijeriya, wanda 'ya'yanmu za su taya mu biya, kuma manufarsa ita ce abin da malamanmu na fikihu ke kira ihya'ul mawati, watau raya matacciyar ƙasa. Akasarin abin da ke isa hannun manomi ta hanyar ƙungiya yake zuwa, wani sashensa kuwa asusun juyi ne, wanda in na farko ya ci bai mayar ba, ya haramta wa maƙwabcinsa. Ko a Amurka, inda tun 1985 hukuma ke biyan manomi haya kowace shekara don ya bar gonar da ke zaizayewa ta huta ƙarƙashin ciyawa ko itatuwa, alkawari ake ƙullawa na shekara 10 zuwa 15.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani ƙauye da na ga an kai dashe cike da mota, aka yi taro, aka ɗauki hoto, kowa ya watse. Da na koma da bazara ban tarar da kome ba sai ramuka da kashin awaki, saboda an yi kasafin dashe, an manta da shinge da ban ruwa. Ra'ayina, wanda na sha faɗa a gaban manyana, shi ne a riƙa biyan lada a kan itacen da ya ga damina uku.

Alhali kuwa 'yan'uwanmu na Maraɗi, tun wajen shekarun 1980, suka kama abin da suke kira sassaben zamani: in an zo sharar gona, sai a bar tohon kututture, a zaɓi masu ƙarfi biyu ko uku a gyara su, har aka wayi gari kimanin hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar. Dubi gawo, da hikimar Ubangiji a cikinsa, yana kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya yi kore da rani ya ciyar da bisashe.

Saboda haka, ya ku iyayena manoma, ku shiga ƙungiya, ku sa a karanta muku sharuɗɗa da Hausa a gaban mai gari kafin ku dangwala yatsa, kada kuma ku ba kowa ko sisi da sunan kuɗin takarda. Sassaben bana kuwa, don Allah a bar tohon gawo.