Ga Mai Jarfa Wanda Ya Ke So Ya Kawar Da Ita

Ya kai mai karatu, a nan Darna Sabon Gari, da kasuwar Illela, har ƙetaren iyaka zuwa Birnin Ƙonni, mutane da yawa suna ɗauke da zane a jikinsu. Waɗansu sababbin masu bi su kan tambaya, ko wajibi ne su kawar da shi? Ka sani fa, ba wajibi ba ne. Ko da ya ke Littafin Firistoci 19:28 ya hana Isra'ilawa yi wa jikinsu zane, Allah zuciya ya ke dubawa. Amma idan jarfarka tana damunka, ga abin da ya kamata ka sani.

Na fari, tsaga dabam, jarfa dabam. Tsaga, irin ta Gobirawa, tabon askar wanzami ce. Jarfa kuwa baƙi ne da aka cusa ƙarƙashin fata. Ita ce hasken leza ya ke iya kawarwa.

Na biyu, ga yadda aikin ya ke. A shekara ta 1960 Theodore Maiman ya ƙera leza ta fari a Amurka, ba a daɗe ba kuwa likita Leon Goldman ya gwada ta a kan jarfa. Hasken ya kan ratsa fata, ya farfasa baƙin, sa'an nan jiki da kansa ya kwashe ɓarɓashin kaɗan kaɗan. Saboda haka ba aikin yini ɗaya ba ne. A kan koma sau da yawa, da mako 6 zuwa 8 tsakani. Baƙi ya fi saurin fita, kore da rawaya su kan yi taurin kai.

Na uku, baƙar fata ita ma tana shan hasken, har wurin ya yi fari ko ya yi tabo. Domin wannan likitoci su kan zaɓa mana irin da a ke kira Nd:YAG. Ka nemi likitan fata a babban asibiti, kamar na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ka faɗa masa idan tabonka ya kan kumbura.

Kada fa ka yarda wani ya sa maka ruwan batir ko ƙarfe mai zafi, gama tabon ƙuna ya fi jarfa muni. Kada kuma ka yi wa ɗanka zane, gama dokar haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana. Wanda ka gani da tsagar iyayensa kuwa, kada ka rena shi, ɗan'uwanka ne.