Darasi: Sarkin da Ya Ƙi Jin Maganar Dattawa

Kiristoci suna karanta labarin Sarki Rehobowam a cikin Littafi Mai Tsarki, a Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 12. Malamansu sukan kawo shi don nuna yadda girman kai da wauta da mugunta suke tafiya tare.

Rehobowam ɗan Sarki Sulemanu ne. Ya gaji sarautar Isra'ila wajen shekara 930 kafin haihuwar Yesu Almasihu. Yana da shekara 41 a lokacin. Ubansa ya yi manyan gine-gine, amma talakawa ne suka ji jiki. An ɗebi mutum 30,000 don aikin tilas a ƙasar Lebanon. Kowa ya yi wata ɗaya a can, wata biyu a gida. Manomi ya san asarar wata guda, musamman idan ya faɗo a lokacin shuka.

Jama'a suka taru a garin Shekem don naɗa sabon sarki. Roƙonsu ɗaya ne: a rage musu wahala, su kuwa su bi shi. Ya ce su dawo bayan kwana uku.

Ya fara tambayar dattawan da suka yi aiki da ubansa. Suka ba shi shawara ya sauko da kansa, ya yi wa mutane hidima, ya amsa musu da magana mai daɗi. Wannan bai yi masa ba. A ganinsa sarki ba ya ranƙwasawa. Girman kai ke nan, ya toshe masa kunne.

Sai ya koma wurin abokan da suka tashi tare da shi. Ba gaskiya yake nema ba, masu faɗa masa abin da yake so yake nema. Nan wauta ta shigo. Suka zuga shi ya nuna ƙarfi.

Ran kwana na uku ya gaya wa jama'a zai ƙara musu kaya a kan na da, kuma horonsa zai fi bulalar ubansa zafi. Mutane ba su yi masa laifin komai ba, sauƙi kawai suka roƙa. Ya zaɓi mugunta don kada a ce shi rago ne.

Kabila goma suka juya masa baya, suka naɗa Yerobowam. Duk da haka bai farga ba. Wa ya aika wurinsu? Shugaban aikin tilas, mutumin da suka fi jin haushinsa! Suka jefe shi har ya mutu. Sarki ya hau karusa da sauri, ya gudu Urushalima.

Malaman Kirista sukan haɗa wannan labari da sura 13 ta Bisharar Yohanna, inda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa. Sun ce abin da dattawa suka roƙi Rehobowam ya yi, shi Yesu ya aikata, ba tare da girmansa ya ragu ba.

Rehobowam ya yi shekara 17 yana mulkin yankin Yahuza. A shekararsa ta biyar Shishak, sarkin Masar, ya kawo yaƙi, ya kwashe garkuwoyin zinariya da Sulemanu ya ƙera. Rehobowam ya sa aka ƙera na tagulla, dogarai suna riƙe su a duk lokacin da zai shiga Haikali.