Wanda Maciji Ya Sara

Hausawa suna cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mukan faɗi wannan karin magana cikin raha, amma in mutum ya natsu zai ga akwai ilmi mai zurfi a cikinta. Dafin maciji yakan fita, wurin saran ya warke, amma tsoro ya yi zamansa a zuciya shekara da shekaru. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira ciwon firgici, watau ciwon da ke kama mutum bayan ya gamu da wani mugun tashin hankali. A kan wannan ciwo nake so in yi ɗan bayani ga 'yan'uwana ɗalibai da kuma iyayenmu, domin yana nan a tsakaninmu, kuma sau da yawa bulala da dariya ake ba mai shi maimakon magani.

Abin da ke kawo shi

Kowa ya san abin da ya faru a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, suka kora ɗalibai zuwa daji. Ran 17 ga wata aka sako yara 344. Lokacin ina firamare, amma na ga yadda aka yi ta murna da godiya ga Allah. Yanzu da ni ma nake kwana a ɗakin kwanan ɗalibai, sai nake tambayar kaina: yaron da aka tasa daga gadonsa da harbin bindiga, yaya zai yi barci a daren farko da ya koma makaranta? Haka kuma a nan jiharmu, a daren 15 ga Oktoba 2024, tankar mai ta kama da wuta a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, mutum fiye da 150 suka rasu. An yi jinyar masu ƙuna a asibiti. To, wanda wuta ba ta taɓa ba amma ya ga ɗan'uwansa yana ci da wuta fa?

Ba manyan masifu kaɗai ke jawo wannan ciwo ba. Haɗarin mota a kan hanyar Kano zuwa Daura, da ambaliya, da gobara duk suna iya kawo shi. Mafi muni kuwa shi ne cutarwar da ke zuwa daga hannun wanda yaro ya amince da shi: dukan fitar hankali a gida, ko fyaɗe, ko azabar da waɗansu manyan ɗalibai ke gana wa sababbin shiga cikin dare da sunan ladabtarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larurar da ta shafi tunani. Ke nan a aji mai ɗalibai 42, za a iya samun kamar shida.

Yadda yake aiki a jiki

A darasin ilmin halittu mun koyi cewa a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke fitar da sinadarin adirenalin. In mutum ya hangi haɗari, ƙwaƙwalwa takan aika mata da saƙo nan take. Sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, jini ya tafi ga hannuwa da ƙafafu, domin mutum ya gudu ko ya kare kansa. Wani lokaci kuma jiki yakan sandare, mutum ya kasa ko da ihu. Wannan ba ragwanci ba ne, kuma yarinyar da aka ci wa zarafi ta kasa kuwwa ba yarda ta yi ba.

In haɗari ya wuce, jiki yakan koma daidai. Yawancin mutane sukan yi 'yan kwanaki ko makwanni cikin razana, daga nan su farfaɗo. Amma ga waɗansu abin kamar ƙararrawar makaranta ce da aka kaɗa, aka rasa mai tsayar da ita. Ƙwaƙwalwarsu tana ɗaukan duk abin da ya yi kama da ranar masifa a kan cewa masifar ce ta dawo. Ƙarar buga ƙofa, ko warin fetur, ko wata murya, duk sun zama baƙin tsumma.

An daɗe da lura da wannan ciwo. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, an ga sojojin da ba su da rauni ko ɗaya amma jikinsu na ta karkarwa, waɗansu ma sun kasa magana. Da yawa an ce da su matsorata. Sai a 1980, bayan an ga halin da sojojin Amurka suka shiga da suka komo daga yaƙin Biyetnam, likitocin ƙasar suka sa shi cikin jerin cututtuka da sunansa. Idan ƙaton soja mai ɗauke da bindiga zai kamu, ina ga yaro ɗan aji ɗaya?

Alamominsa

Alamar farko ita ce abin ya riƙa dawo wa mutum, ko cikin mugun mafarki, ko ido biyu, har ya ji kamar yanzu ne yake faruwa. Ta biyu ita ce gudun duk abin da zai tuna masa, kamar ƙin bin wata hanya, ko ƙin zuwa hutu wani gida ba tare da ya faɗi dalili ba. Ta uku ita ce zama cikin ɗar-ɗar: barci ba ya zuwa, ƙaramin motsi ya sa shi zabura, ga saurin fushi. Ta huɗu kuwa ita ce janye jiki daga mutane da ɗora wa kai laifi. Yaro mai ƙwazo sai a ga ya koma ƙarshen aji, wani kuma ya soma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. In waɗannan abubuwa suka wuce wata ɗaya suna hana karatu ko barci, lalle lokacin ganin likita ya yi.

Mu 'yan makarantar kwana mun fi kowa damar ganin waɗannan alamu, gama mu ne muke jin wanda ya yi ihu da tsakar dare. Abin takaici, gari na wayewa sai a laƙaba masa suna, a riƙa kwaikwayonsa a ɗakin cin abinci. Daga nan ba zai ƙara faɗa wa kowa komai ba.

Mari ba ya magani

A watan Satumba 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, waɗansu da mari a ƙafa. A watan Oktoba na wannan shekara aka sami irin wannan a Daura, maƙwabciyarmu, inda aka fito da mutum 67, manya da yara. Akasarinsu danginsu ne suka kai su don a gyara halinsu, ko a raba su da shaye-shaye, ko don ana ganin sun taɓu. Na tabbata iyaye da yawa ba mugunta ce ta sa su ba, rasa yadda za su yi ne. Amma wanda tsoro ya riga ya cika wa zuciya, in aka ƙara masa da sarƙa da duka, an zuba wa wuta fetur ne.

Tun tuni wani ɗan ƙasarmu ya nuna hanyar da ta fi. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai ya saukar da su a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowane tare da ɗan'uwansa mai jinya. Da rana su zo karɓar magani, da yamma su koma cikin jama'a. Wannan tsari ya yi suna a duniya, shi kuwa Lambo ya kai ga zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Darasin da ke ciki shi ne, maras lafiya ya fi saurin warkewa a tsakiyar mutanen da ke ƙaunarsa. A watan Janairu 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa maras lafiya haƙƙinsa na a yi masa magani cikin mutunci.

Hanyar samun sauƙi

Ɗan'uwana, in kai ne wannan abu ya sama, fara da sanin cewa laifin na wanda ya cuce ka ne. Sa'an nan ka nemi mutum ɗaya wanda ka yarda da shi, ko mahaifiya, ko kawu, ko malamin da ke kula da ɗakin kwananku, ka faɗa masa. Ba dole ka zayyana komai a rana ɗaya ba. In kuwa har yanzu ana cutar da kai, to, abu na farko shi ne a raba ka da mai cutarwar, domin miki ba ya warkewa ana fama shi kullum.

Ka riƙe al'amuranka na yau da kullum: cin abinci a kan lokaci, zuwa aji, salla cikin jam'i, wasan ƙwallo da la'asar. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke sanar da jiki cewa duniya ta koma daidai. In firgici ya taso maka, zauna ka dafa ƙasa da tafin ƙafa. Ja numfashi a hankali kana ƙirga huɗu, ka sake shi kana ƙirga shida, ka maimaita. Dubi abubuwan da ke gabanka ka ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ka tuna wa kanka inda kake da ranar da ake ciki. Numfashi a hankali yana rage bugun zuciya, kuma ba ya bukatar ko kwabo.

Ka yi nesa da mai ce maka ga ƙwayar da za ta mantar da kai damuwa. Tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana yi da shigo da shi a 2018, sun hallaka samari masu yawa. Sukan kwantar da damuwa na 'yan sa'o'i, su bar mutum da ciwo biyu. Ko maganin barci kada ka sha sai likita ya rubuta.

Mu kuma abokai, aikinmu saurare ne da rufin asiri. Kada mu matsa wa mutum da tambaya, kada mu ce masa ai namiji ba ya kuka. Amma akwai asirin da ba a rufewa. Idan abokinka ya ce ya gaji da duniya, ko yana maganar kashe kansa, kada ka bar shi shi kaɗai, kuma ka sanar da malami a ranar, ko da zai yi fushi da kai.

Ga iyayenmu

Ya ku iyayenmu, ina roƙonku cikin ladabi. In yaro ya zo hutu kuka ga ya sāke, ku tambaye shi a keɓe kafin ku ɗauki bulala. In ya faɗi sunan wanda ya cuce shi, ku gaskata shi ku bincika, ko da mutumin babba ne a dangi. Sau da yawa akan ce a rufa asiri don kada sunan gida ya ɓaci, alhali rufin asirin nan mai laifi yake karewa, ya kuma ba shi damar taɓa wani yaron. In fyaɗe ne, a gaggauta zuwa asibiti, domin maganin da ke hana kamuwa da cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin kwana 3 yake aiki. A kuma kai ƙara, gama Jihar Jigawa ta kafa dokar kare yara tun 2021.

Mu mutanen wannan yanki mun yi sa'a, domin a nan Kazaure akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa. Mutumin Roni ko Gwiwa ko Babura ba sai ya yi doguwar tafiya ba. Akwai kuma irinsa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato. Abin da ke hana mutane zuwa shi ne sunan da muka ba wurin, wai asibitin mahaukata. Ya kamata mu bar wannan suna, gama mai rashin barci da mai yawan damuwa da mai firgici duk can ne wurin likitansu. Babban maganin ciwon firgici ma zama ne da gwani, ana tattaunawa mako-mako, yana koya wa mutum fuskantar abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, har ƙwaƙwalwa ta gane tsumma tsumma ne. Wani lokaci akan haɗa da ƙwayoyi. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa asibiti, kamar yadda mai karaya yake addu'a kuma ya je a ɗora shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka a faɗa wa likita gaskiya duka.

A ƙarshe, warkewa ba ta zuwa dare ɗaya. Yau a ji sauƙi, gobe abin ya motsa, amma sannu ba ta hana zuwa. Mutane da yawa sun warke, sun gama karatu, sun yi iyali. Ina kira ga shugabannin ɗalibai su hana tsokanar mai firgita da dare, su hana taɓa ƙananan yara bayan an kashe fitila. Ina kuma roƙon hukumar makaranta ta riƙa gayyato ma'aikacin lafiya ya yi mana lacca kowace ranar 10 ga Oktoba, wadda ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare mu baki ɗaya, amin.