Yadda Ake Kare Kayan Lantarki daga Tsallen Wuta a Samnu

Samnu, garin dabino da ke arewa maso gabashin Sabha a yankin Fezzan na kudancin Libiya, yana samun wuta mai ƙarfin bolt 230 daga layin kamfanin lantarki na ƙasa, GECOL, kuma kamar sauran garuruwan kudu ya saba da ɗaukewar wuta, musamman da zafi. Yawancin ɓarna tana aukuwa ne a daidai lokacin da aka dawo da wuta, ko aka sauya daga janareto zuwa layi, ko injin ban ruwa na gona ya tsaya farat ɗaya, domin a nan ne ƙarfin wuta kan yi tsalle ya haura bolt 1,000 cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya ƙone allon firij, talabijin ko inbata.

Abin da ke tare wannan tsalle shi ne baristo, ɗan faifai mai ƙafa biyu da ake yi da sinadarin zinki da oksijin, wanda kamfanin Matsushita na Japan ya ƙirƙiro a 1968. Yana cikin dangin semikondakta, wato abubuwan da ke hana wuta wucewa a wani hali, su bar ta a wani halin. Muddin wuta tana daidai, baristo a rufe yake, amma da zarar ta ƙetare iyakarsa sai ya buɗe, ya karkatar da rarar zuwa ƙasa kafin ta isa ga na'ura.

Ana fara aikin ne daga wayar ƙasa, kuma a Samnu nan ne wahalar take, saboda busasshen rairayi ba ya karɓar wuta. Sai a kafa sandar ƙarfe mai rufin tagulla har ta taɓa danshi, a zaɓi gefen da ake shayar da dabino idan yana kusa, in kuma ɗaya ba ta wadatar ba a ƙara wasu a haɗe su da waya. Gishiri da gawayi da wasu ke zubawa a ramin sandar suna taimakawa da farko, sai dai gishirin yana cin sandar a hankali. Yumɓun bentonayit ya fi shi daɗewa.

Daga nan ma'aikacin lantarki zai kashe babban makunni, ya ɗaura na'urar kariya ta rukuni na 2, wadda baristo ne a cikinta, a akwatin rarraba wuta. Wadda ta dace da gida ita ce mai lambar bolt 275, domin wadda ta gaza haka sosai za ta riƙa zafi ko da wuta lafiya take. Jimillar tsawon wayoyinta kada ya wuce rabin mita, kasancewar kowace mita guda tana iya ƙara kusan bolt 1,000 a kan abin da zai isa ga kaya, kuma dole a sa mata fiyus ko makunnin da masu ƙera ta suka ƙayyade. Kwamfuta da talabijin a ƙara musu soket mai baristo, layukan ƙaramar wuta kuwa, irin na kyamara da intanet, dayod na TVS ake sa musu, wanda ya fi baristo sauri amma bai kai shi ɗaukar nauyi ba. Faifan sola yana buƙatar na'urar da aka yi musamman don wutarsa, ba ta layin gida ba.

Akwai haɗarin da baristo ba ya iya masa: idan wayar nutural ta tsinke a layi mai fuska uku, wuta na iya kusantar bolt 400 ta tsaya a haka, baristo ya ƙone. Maganin wannan shi ne rile mai lura da ƙarfin wuta, wanda ke yanke gida idan ta haura misalin bolt 250, ya jinkirta kamar minti 3 kafin ya mayar, abin da injin firij ke buƙata.

Baristo yana tsufa da kowane bugu, kuma zafi na gaggauta hakan, don haka a riƙa duba ƙaramar tagar da ke jikin na'urar bayan kowace babbar ɗaukewar wuta, a kuma kakkaɓe ƙurar da gibli, iskar hamada, ke tarawa. Idan tagar ta koma ja daga kore, gidan ba shi da kariya har sai an sauya ta.