Darasi Ga Masu Sana'a: Abin Da Ke Hana Gam Kama Akwatin Kwali

Maiduguri ta yi suna wajen turaren wuta da humra da hular Zanna Bukar, kuma mai sayen irin wannan haja domin lefe ko tsaraba yakan fara duba akwatin da aka zuba ta kafin ya taya. Don haka mai haɗa akwatin kwali a Moduganari, wanda ke kai kaya Kasuwar Monday, ba shi da babban abokin gaba kamar gam da ya saki bayan kaya sun bar hannunsa.

Lissafin a bayyane yake. Idan ribar akwati ɗaya kashi 10 cikin ɗari ce ta kuɗinsa, to, akwati 10 da aka maido cikin 100 sun cinye ribar aikin baki ɗaya. Ga shi kuwa tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, kayan aikin da ake shigowa da su suka ƙara tsada.

Matsala ta farko ita ce yanayi. Da hunturu, da kuma bazara lokacin da zafin Maiduguri kan haura digiri 40, gam yakan bushe a kan takarda tun ba a liƙa ta ba. Maganin haka shi ne a shafa wa takarda ɗaya, a liƙa nan take, a share ƙurar kwali tukuna, domin gam da ya hau ƙura, ƙurar ya kama. Da damina kuwa, musamman watan Agusta, kwali yakan sha laima, gam ya ƙi bushewa, har funfuna ta fito. Ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumban 2024 ta isa ishara cewa kwali a kan kanta ake ajiye shi.

Ta biyu ita ce zaɓen gam. Ƙaro, wanda Borno ke cikin jihohin da ke kan gaba wajen samar da shi a Nijeriya, ya dace da ambulan da takardar shaida, amma yana narkewa idan ya ji ruwa, saboda haka bai iya riƙe kusurwar akwati. Kokon sitacin rogo yana da araha, sai dai yakan yi tsami cikin zafi. A dama na yini guda kawai. Gam ɗin fata ana riƙe shi a wajen digiri 60, idan ya tafasa ƙarfinsa ya tafi. Farin gam na kanti kuwa, tsarma shi da ruwa fiye da kima arha ce da ba ta ado.

Har ila yau, murfin da ya tanƙware alama ce ta an jiƙa fuska ɗaya ta kwali. A liƙa takarda ciki da waje, a danne da nauyi ya kwana. Takarda mai sheƙi ba ta shan gam, sai an ɗan kankare inda za a haɗa.

Kafin a ɗaure kaya, a ɓare takardar akwati ɗaya. Idan ta yage ta bar gashinta a jikin kwali, gam ya kama. Idan ta ɗago sumul, a dakatar da aiki a binciko dalili.