Makarantar Dambe ta Malam Funakoshi

Mu nan Ɗan Isa mun san dambe. In kaka ta yi, an kai amfani gida, sai a kafa fage. Makaɗi ya ɗauki kalangu, samari su naɗe hannu da kara. Wanda ya taɓa jin Ɗan Anace yana wasa Shago ya san darajar abin. Amma damben namu ba shi da ɗakin koyo. Yaro a bakin fage yake koyonsa, da ido da shan naushi.

Mutanen Japan kuwa suna da nasu damben, sunansa kareti, wato "hannu wofi". Ba sanda, ba wuƙa, hannu ne da ƙafa. Su sun yi masa makaranta. Ga labarin wata babba daga cikinsu.

Akwai wani tsibiri kudu da Japan, ana ce da shi Okinawa. Can aka haifi Gicin Funakoshi cikin 1868. Yana yaro ba shi da ƙoshin lafiya. Da dare yakan tafi gidan malaminsa, Asato, ya koyi kareti a tsakar gida da hasken fitila. Salo guda sai ya yi watanni yana maimaitawa kafin a ƙara masa wani. Da ya girma ya zama malamin makaranta, ya yi wajen shekara 30 yana koyar da yara.

Cikin 1922 ya tafi Tokyo, babban birnin Japan, don ya nuna wasan. Ya riga ya haura shekara 50. Wani mashahurin malamin kokawar judo, Jigoro Kano (sunansa ke nan, ba Kanon Dabo ba), ya gayyace shi ya nuna wa almajiransa. Mutane suka yi sha'awa, sai ya zauna.

To, zama ba kuɗi. Ya sami ɗan ɗaki a masaukin ɗaliban Okinawa. Shi ke shara, shi ke gadi, shi ke gyaran lambu. Dubi dai, dattijo kuma malami da tsintsiya a hannu! A zauren masaukin nan ya fara koyarwa, almajirai 'yan kaɗan. Cikin 1924 ɗaliban Jami'ar Keio suka kafa ƙungiyar kareti, shi ne malaminsu.

Da almajirai suka yi yawa, suka tara kuɗi, suka gina masa makaranta a Tokyo cikin shekarun 1930. Suka rubuta Shotokan bisa ƙofa, wato Zauren Shoto, gama Shoto ne sunan da yake sa wa rubutattun waƙoƙinsa. Cikin 1945, lokacin yaƙin Hitila, jiragen Amurka suka saki bom, makarantar ta ƙone. Almajirai da yawa sun mutu a yaƙin. Waɗanda suka saura suka sāke haɗuwa, suka kafa ƙungiyar kareti ta Japan cikin 1949. Funakoshi ya rasu cikin 1957. Almajiransa suka kai Shotokan ƙasashen duniya, har Nijeriya.

Tambayoyi

Wane aiki Funakoshi ya yi a masaukin ɗalibai?
Su wa suka gina makarantar, kuma me ya same ta?
Wa ya koya wa 'yan damben garinku dambe?